Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Girgizar Ƙasa Da Ma'aikatan Nukiliya



Wani zai ce, me ya haɗa ɗan kasuwar Kurmi da zancen girgizar ƙasa da nukiliya? To, abin yana kusa da mu. A Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, tana aiki tun 2004. A Satumbar 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna, a Satumbar 2018 kuma a Mpape ta Abuja. Ga shi an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina manyan tashoshin lantarki na nukiliya.

Idan ƙasa ta girgiza, ma'aikacin tashar nukiliya zai fara kare kansa, a ƙirga mutane, sannan a fuskanci aiki uku. Na farko, a tabbatar sandunan da ke kashe tukunyar sun shige ciki. Na biyu, a ci gaba da sanyaya ta. Iyayenmu mata sun san ko an janye itace daga murhu, garwashi na nan da ransa. Haka tukunyar take: ana kashe ta, kusan kashi 7 cikin 100 na zafinta yana nan, kuma ya isa ya narkar da ita idan ruwa ya yanke. Na uku, a zaga da ƙafa a duba bututu da famfo, a auna tururin guba, a sanar da hukuma. Ba a sake kunnawa sai da izininta.

Ranar 11 ga Maris, 2011, da ƙasa ta girgiza, tukwane uku da ke aiki a Fukushima ta Japan sun kashe kansu kamar yadda aka tsara. Kafin awa guda, igiyar teku ta shanye janaretocin da ke ba na'urorin sanyaya su lantarki. Ɗakin sarrafawa ya yi duhu ƙirin. Ma'aikata suka riƙa ciro batura daga motoci suna jonawa, suna haska tocila don karanta awon ruwa. Duk da wannan jarumta, tukwanen ukun suka narke.

Shekara huɗu kafin nan, a tashar Kashiwazaki-Kariwa ta Japan, girgiza ta maƙale ƙofar ɗakin agajin gaggawa, dole shugabanni suka koma filin ajiye motoci suna ba da umarni. Saboda wannan darasi aka gina wa Fukushima ginin da ke jure girgiza, kuma daga cikinsa aka jagoranci aikin ceto a 2011. Ƙofa ɗaya da ta ƙi buɗuwa, da aka ɗauke ta da muhimmanci, ta hana masifa ninkuwa.

Jama'a, kakanninmu sun gina ganuwar birnin nan tun abokan gaba ba su iso ba, kowace ƙofa da sarkinta wanda ya san aikinsa. Roƙona ga hukumar kula da nukiliya ta ƙasa da jami'o'inmu: a riƙa atisaye cikin duhu, ba lantarki, ba waya, har hannu ya saba. 'Ya'yanmu ne za su tsaya a waɗannan ɗakuna, mu horar da su tun ƙasa na zaune lafiya.

Allah Ya tsare mu.