Wasa da fuska a buɗe: jawabi ga matasan ƙungiyarmu a Bobiel

  

An ce in yi magana kan barkwancin siyasa da muke yi a cikin wayoyinmu. To, bari in fara da cewa dariya ba haramun ba ce. Cikin sahabbai akwai Nu'aiman, wanda ya shahara da raha, har yakan sa Manzon Allah (SAW) dariya. Mu ƴan Nijar kuwa gadon wasa muka yi: Bagobiri da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, Babarbare da Bafillace. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasan taubasai namu cikin kayan gadon al'adun duniya.

Amma ku lura da abu guda. Taubashinka ya san ka, ya san gidanku. In ya ce maka bawansa a kasuwa, gobe shi ne zai riga kowa zuwa zanen sunan ɗanka. Fuskarsa a buɗe take. In ya wuce gona da iri, akwai dattijon da zai ja masa kunne.

Yanzu ku dubi rukuninmu na WhatsApp. Kwanakin baya wata sabuwar lamba ta shigo, ba suna, ba hoto. Ranar farko ta turo hoton wani ɗan siyasa an ɗora masa kan jaki. Wasu suka yi dariya, wasu suka fusata. Kafin isha'i magana ta bar ɗan siyasa ta koma kan ƙabila da iyaye. Samari biyu da ke sallah a sahu ɗaya suka yi wata guda ba sa gaisawa. Mai lambar fa? Ya fita abinsa. Wallahi har yau ba mu san ko wane ne ba. Irin wannan mutum ba wasa ya kawo shi ba, tsokana ce sana'arsa, fushinku ne abincinsa. Duk wanda ya tanka masa ya ƙara masa itace a wuta.

Ku koma Suratul Hujurat. Aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Hukuncin bai canza ba don yatsa ne ya rubuta maimakon harshe.

Sannan akwai doka. Ƙasarmu ta kafa dokar laifukan intanet a 2019. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi. Kun tuna ƴar jarida Samira Sabou? A 2020 ta yi kwana 48 a gidan kaso na Yamai kafin kotu ta sallame ta, kuma cikin abin da ya jawo ƙarar har da maganar da wani ya rubuta a ƙarƙashin rubutunta na Facebook. Ku masu kula da rukuni, wannan darasinku ne.

Mafita tana nan ƙofar gidanmu, wato fada. Baƙo in ya zo fada a Bobiel, sallama yake yi, wanda ya kawo shi ya gabatar da shi, ya zauna ya sha shayi na farko da na biyu yana sauraro. Ba ya zuwa rana ɗaya ya kama zagin gwanin wani. Ko ba haka ba? To, shawarata mu kai wannan ladabi cikin waya:

Sabon shiga ya faɗi sunansa na gaskiya da wanda ya kawo shi.

Ya yi mako guda yana karatu kafin ya tsoma baki a zancen siyasa.

A soki aikin shugaba da hujja, har a yi masa raha, amma a bar halittarsa da iyayensa da ƙabilarsa.

Hoto ko muryar da ba a san asalinta ba, kar a tura gaba.

Mai tsokana a ja masa kunne a keɓe sau ɗaya. In ya sake, a fitar da shi ba tare da gardama ba.

Ku kuma tsofaffin ƴan rukuni, ku yi haƙuri da baƙo. Wani rashin sani ne ya sa shi kuskure, kar a taru a kansa kamar an kama ɓarawo.

Ɗan uwa, ƴar uwa, kafin ka danna tura, tambayi kanka: zan iya faɗar wannan a gaban mutumin, da sunana, a ƙofar masallaci? In ba za ka iya ba, goge.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.