JAWABI GA IYAYEN ƊALIBAI: YADDA MATASHI KE KALLON JIKINSA

Jama'a mazauna Sabo ta Badun, da Agege da Idi-Araba a Ikko:

Albarkacin zaman Kudu, 'ya'yan 'yan Arewa da dama suna karatu a Jami'ar Badun, wadda aka kafa a 1948, da ta Ikko, wadda aka kafa a 1962. Iyaye sukan tambayi sakamakon jarrabawa da kuɗin abinci, amma ba safai sukan binciki yadda yaro yake kallon jikinsa ba, alhali kuwa kwanciyar hankalinsa ta rataya a kan wannan ƙwarai.

A 1989 wasu masana biyu, Kenneth Fox da Charles Corbin, suka yi bincike a kan ɗaliban jami'a a Amurka. Suka nuna cewa mutum yana auna jikinsa ta fuska huɗu, watau gwanintar wasanni, da juriya, da ƙarfi, da kyan sura. Da waɗannan yake yanke wa jikinsa daraja, ita kuma ta shafi darajar da yake ba kansa baki ɗaya.

To, ɗalibin da ya baro gida ya shiga ɗakin kwana cikin baƙin ido, kullum yana gwada kansa da abokan zama, kana da hotunan da aka gyara a wayar hannu. Idan ya yanke cewa ya gaza, sai ya fara gudun taro, barci ya ƙaurace masa, karatu ya ja baya. Wasu kuma su nemi mafita a kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man sauya launin fata, ga shi kuwa wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, irin su dexamethasone, suna jawo hawan jini da ciwon sukari.

Saboda haka gyara daga gida yake farawa. Lalle a daina yi wa yaro laƙabi da baƙinsa ko ramarsa ko gajartarsa, domin abin da uwa ta faɗa da wasa yakan bi shi har jami'a. A ƙarfafa masa motsa jiki, gama uku daga cikin fuskokin nan huɗu suna ƙaruwa da horo. Idan ya zo hutu aka ga ya yi shiru, ko launin fatarsa ya sauya, a zaunar da shi cikin lalama. In damuwa ta yi tsanani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a Ikko da na Aro a Abeokuta, zuwa can kuwa ba abin kunya ba ne.

Allah ya shirya zuriya, amin.