GYARAN KURAKURAN SABIS A WASAN TANIS



An ce in yi magana a kan sabis, wato bugun da ake buɗe wasa da shi. Ni dai ɗan kasuwa ne, amma da tsintar ƙwallo na tashi a nan Ibadan, har hannuna ya faɗa. Abin da ya sa na amsa shi ne, kwanan baya a filin Adamasingba na ga wani yaronmu ya fi abokin karawarsa gudu da ƙarfi, amma aka cinye shi saboda sabis kawai. Dama biyu doka ta ba ka. Ka ɓarar da su, maki ya tafi, ɗaya bai ko motsa ba. To, ku saurara.

Na ɗaya, riƙo. Yawancinku kuna riƙe raket a kwance, kamar mai korar ƙuda da faifai. Ku riƙe ta kamar yadda ake riƙe guduma, gefenta ne gaba, sai dab da bugu hannu ya juya fuskarta ta haɗu da ƙwallo. Kwanakin farko ƙwallo zai riƙa baudewa. A yi haƙuri, zai miƙe.

Na biyu, jefa ƙwallo. Nan ne uwar matsala. Kar ka dunƙule shi a tafi, ɗora shi a kan yatsu, miƙe hannu, ka sake shi daidai tsayin idonka. Ya tashi ɗan gaba da kai, wajen dama in kai ba bahago ba ne. In ya karkace, kar ka bi shi. Cafke abinka ka sake, doka ba ta hana ba muddin ba ka kai masa bugu ba.

Na uku, ƙafa. Kar ta taɓa layin baya sai ka buga. Kar ku raina wannan. A 2009, a gasar US Open, an kama Serena Williams da taka layi a sabis na biyu, ta yi wa mai tsaron layi faɗa, aka ƙara cire mata maki, Kim Clijsters ta ci wasan.

Na huɗu, sunkuyar da kai. Kana gaggawar ganin inda ƙwallo zai sauka, kafaɗa ta faɗi, sai raga. Ido a sama har ka ji ƙarar bugu. Ku kuma tuna tsayin raga ƙafa 3 ne a tsakiya, ƙafa 3 da rabi a gefe. Mai wayo tsakiya yake bi.

Na biyar, ƙarfin banza. Na farko kamar aradu, na biyu kamar mai miƙa sadaka. A'a. Lanƙwasa gwiwa, juya ƙugu, ƙarfi daga ƙasa yake tasowa. Mai bugu da kafaɗa kaɗai, ciwon kafaɗa ne ribarsa. A na biyu kuwa kar ka rage saurin hannu, goga bayan ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, ya yi juyi ya faɗo ciki.

Kowa ya ajiye gwangwani a kusurwar ɗakin sabis, ya auna shi sau 50 kullum kafin wasa. Nduka Odizor ɗan ƙasar nan ne, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Ba abin da zai hana ɗan Sabo.

Ranar Asabar ina fili bayan la'asar, kowa ya zo da raket ɗinsa.