Jawabi Kan Ciwon Gadon Baya Da Sabon Aikin Tiyata



Ƙashin bayan mutum gaɓa-gaɓa ne. Daga ƙasan wuya zuwa ƙarshen haƙarƙari akwai gaɓoɓi 12. Tsakanin kowace biyu akwai guringuntsi mai taushi kamar matashi. Wani lokaci yakan fashe, ya danne laka. Sai ciwo ya zagaye ƙirji kamar ɗamara. Ƙafafu na iya yin sanyi, tafiya ta gagara.

A da sai likita ya buɗe ƙirji, wani sa'in har ya cire ɓangaren haƙarƙari. Jinya takan daɗe. Yanzu akwai wata dabara. Likita yakan yi 'yar ƙaramar huda, ya zura siririn bututu mai fitila da kyamara. Yana kallon allo, yana cire abin da ya danne lakar. Jini kaɗan ke zuba, majinyaci ya fi saurin tashi.

Ba kowa ke bukatar aiki ba. Da yawa magani da motsa jiki sun ishe su. Amma wanda ƙafarsa ta mutu, ko ya kasa riƙe fitsari, kada a tsaya tausa ko ƙaho. A kai shi babban asibiti a ranar. Jinkiri kan jawo shanyewar ƙafafu.

Allah ya ƙara mana lafiya.