A Nuna Musu Hanyar Asibiti Tun Kafin Su Shiga Aji Huɗu

(Jawabin da aka gabatar wa dattawan ikkilisiya, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, da malaman makaranta a birnin Katsina)

 

Maganar da na kawo yau guda ɗaya ce. Yawancin 'ya'yanmu na ƙauye suna rasa damar aikin lafiya tun suna 'yan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ba tare da sun sani ba. Ranar da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, za a ce ya zaɓa: kimiyya ko ɓangaren adabi da kasuwanci. Yaron da bai taɓa sanin akwai mai gwajin jini ko mai haɗa magani ba, sai ya bi inda abokansa suka bi. Bayan shekara uku ya zo ya ce yana son zama nas, a ce masa ina kiredit ɗinka na kimistiri? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bari in faɗi sharaɗin a fili, domin iyaye da yawa ba a taɓa gaya musu ba. Kusan kowace makarantar koyon aikin lafiya tana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kimistiri da fiziks. Mai neman karatun likita kuma zai rubuta Turanci, bayoloji, kimistiri da fiziks a JAMB. Karatun likita shekara shida ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Digirin aikin jinya shekara biyar ne, haka ma na kimiyyar gwaje-gwaje. Ma'aikacin lafiyar al'umma, wanda muke kira malamin asibiti a ƙauye, yana yin shekara uku, ƙaramin matakinsa kuma shekara biyu. Akwai ungozoma, akwai duba-gari, akwai mai ɗaukar hoton ƙashi, akwai mai kula da bayanan marasa lafiya. Asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba.

Makarantun kuma ba su yi mana nisa ba. Akwai makarantar koyon aikin jinya a nan Katsina, ta ungozoma a Malumfashi, da makarantun fasahar kiwon lafiya a Kankiya da Daura. Sai dai kafin ku biya kuɗi a ko'ina, ku tabbatar hukumar da ke ba da lasisin wannan aiki ta amince da makarantar. Takardar da ba ta kai mutum ga lasisi ba, hasarar hatsi ce da ta shekaru.

Wani zai ce, Fasto, yaron ƙauye ai ba zai iya ba. To, ku tuna da Dakta Barau Dikko, wanda ya tashi a Wusasa kusa da Zariya, ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya zama likita na farko daga Arewa. Sunansa ne asibitin koyarwa na Jihar Kaduna yake ɗauke da shi. Ku tuna da Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba a gidan sarauta na Legas aka haife su ba. Sun dai sami waɗanda suka nuna musu hanya da wuri.

A zamaninmu ma an gwada abin an gani. Daga 2012 zuwa 2020, shirin Mata Don Kiwon Lafiya, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa, ya yi aiki a jihohin Arewa har da Katsina. Al'umma ce take zaɓo 'yan matan karkara, a ba su karatun share fage domin su cike kiredit ɗin da suka rasa, su shiga makarantar jinya ko ungozoma, da alkawarin za su koma su yi wa garinsu aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2010 da ta sabunta a 2021, ta ce a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara, gama su ne suka fi yarda su zauna a karkara. Baƙon da aka turo daga birni, idonsa na kan ranar canjin wurin aiki. 'Yar gari kuwa tana da uwa da kaka a wurin.

Abin da ke cikin wannan magana rai ne. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 34. Ku je Babbar Ruga, inda mishan na SIM suka yi jinyar kutare a da, inda kuma likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya soma ɗinkin yoyon fitsari a shekarun 1980. Yau cibiya ce ta ƙasa. Mafi yawan matan da ke kwance a can doguwar naƙuda ce ta kai su, domin babu ƙwararriyar ungozoma kusa. Ga shi kuma rashin tsaro ya sa fita da dare neman asibiti ya zama abin tsoro. Ungozoma ɗaya a gari takan tsare matan garin duka, Kirista da Musulmi, domin naƙuda ba ta tambayar addini.

To, me za mu yi? Ina roƙon abu huɗu.

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen yaranta na aji biyu da aji uku, maza da mata. Da su za mu fara, ba da waɗanda suka gama ba.

Na biyu, nas-nas da malaman asibiti da ke cikinmu su ba da yini guda a kowane hutu. Ku je ƙauye da kayan aikinku, ku gayyaci yaran maƙwabta su ma. Ku bar yaro ya sa abin sauraron ƙirji a kunne ya ji bugun zuciyar ɗan'uwansa, ya ga yadda ake awon hawan jini. In an sami izinin hukumar asibiti, a kai su su ga ɗakin gwaje-gwaje da idonsu.

Na uku, inda makaranta ba ta da malamin fiziks ko kimistiri, ɗakin sujada yana nan a buɗe ranar Asabar. A nemi ɗalibanmu na jami'a da masu yi wa ƙasa hidima su koyar. Buhun masara kaɗan daga baikon kaka zai biya kuɗin motarsu da alli.

Na huɗu, iyaye ku tanadi takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma tun yanzu, ku tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a kowace takarda. Iyayenmu mata kuma, ku tsaya wa 'yan mata. Aure ba zai gudu ba, amma gurbin karatu yakan wuce.

Ku kuma matasa da ke zaune a baya, kada ku ji tsoron lissafi. Ku tambaya, ku sake tambaya, har ku gane.

Ina roƙon kowane shugaba ya kawo sunayen yaransa a zamanmu na gaba.  Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.