Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Wayar Hannu Lokacin Annoba

Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar cutar korona ta shigo Nijeriya ta Ikko, cikin Afrilu kuwa ta ɓulla a Kano. Da yake an hana taro, an tsai da tafiye-tafiye, ba dama ma'aikatan lafiya su bi ƙauyuka suna yi wa talakawa bayani. Sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, watau NCDC, ta riƙa aika gajerun saƙonni ta wayar hannu, cewa a wanke hannu da sabulu, a rufe hanci da baki, a guji cunkoso. Ta kuma ba da lambar da mai zazzaɓi da tari zai kira kyauta.

Dabara ce mai kyau, amma a karkara ta gamu da cikas. Saƙon rubutacce ne, galibi da Turanci, ga shi kuwa ba kowa ya yi boko ba. Sau da yawa wayar tana aljihun maigida, shi yana gona ko kasuwa, matan da ke jinyar marasa lafiya a cikin gida ba su ji kome ba. Wani ƙauyen ma sai ran kasuwa ake kai waya caji.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, waya ba ta rarrabe gaskiya da ƙarya. A watan Agusta na 2014, zamanin cutar Ebola, cikin dare ɗaya labari ya bazu ta waya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa rigakafi ne. Mutane suka gaskata, gama 'yan'uwansu ne suka bugo musu. Waɗansu aka kwantar da su asibiti, waɗansu suka rasu.

Ashe talaka ba lamba yake yarda da ita ba, muryar wanda ya sani yake bi. Korona ta lafa, amma sanƙarau da kwalara ba su daina zuwa ba. Saboda haka wajibi ne malamin hakimi ya ajiye littafi mai lambobin dagatai da masu unguwa da limamai da ungozomomi. In saƙo ya zo, ya fara tambayar malamin asibiti ko daga hukuma yake, sa'an nan ya juya shi da Hausa, hakimi ya faɗa da bakinsa, a ɗauki muryar a aika. Inda waya ba ta kamawa kuwa, sai a tashi manzo, sanƙira ya yi shela.