Iskar da ke Maƙalewa a Hanyar Ruwan Inji: Jawabi ga Direbobi da Masu Motoci

 

Maganata yau a kan iska ce, wadda ke shiga hanyar ruwan inji ta maƙale. Da yawanmu mun sha ganin haka: an canja wa mota tiyo ko famfon ruwa, an cika lagireto har baki, amma da an shiga gosulo ko an kama hanyar Ibadan sai allurar zafi ta tashi. Mai mota ya ce makaniki ya cuce shi, alhali sau da yawa kayan lafiya lau suke, iska ce ba a fitar ba.

Ga yadda abin yake. Ruwa ne ke zagaya inji yana kwasar zafi ya kai lagireto. Ita iska ba ta da nauyi, sai ta haura ta taru a saman inji, inda wuta ta fi ci. Duk wurin da ta zauna, ruwa ba ya taɓa ƙarfen. Wurin ya yi ta gasuwa har gasket ya ƙone, ko top silinda ya lanƙwashe. In kuwa ta lulluɓe abin da ke auna zafi, allura tana iya nuna maka lafiya alhali inji na dahuwa. Alamominta su ne allura ta riƙa hawa tana sauka, ka ji ƙarar ruwa a bayan dashbod, ko ka kunna hita ta ƙi kawo zafi.

To, yaya ake fitar da ita? Da farko a bar inji ya huce sarai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto na matse shi har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Wanda ya buɗe murfin da zafi, fuskarsa da hannunsa ne za su biya.

In ya huce, a ajiye motar inda gabanta ya ɗan fi bayanta tudu. A buɗe murfi, a murɗa hita zuwa zafi, a zuba ruwa sannu a hankali. Wasu motocin, kamar Fijo 406, suna da ƙananan noti na fitar da iska. A sassauta su har ruwa ya fito zalla ba kumfa, sannan a ɗaure.

Sai a tayar da inji a bar shi a silo, ana ɗan matsa tiyon sama da hannu, ana kiyaye fanka da bel. Yawancin tamosta suna buɗewa ne tsakanin digiri 80 zuwa 90. Da ta buɗe, tiyon zai yi zafi, ruwa ya sauka, kumfa ta fito. A ƙara ruwa, a jira kumfar ta ɗauke, a rufe murfi. Washegari da safe kafin a tayar da mota a sake dubawa.

In an yi duk wannan kumfa ta ƙi ƙarewa, to magana ta wuce iska. Mai yiwuwa gasket ne ya riga ya fashe, hayaƙin inji ke shiga ruwa. Kada a ce bari a lallaɓa a kai gida Arewa, a nufi gareji. Kuma don Allah a daina cire tamosta ana jefarwa da sunan maganin zafi, wannan rufe ciwo ne kawai.

'Yan uwa, aikin nan bai wuce rabin awa ba. Gara ka yi shi a ƙofar gidanka da ka kwana da iyali a dajin Mokwa kana jiran mai janwe. Allah ya kiyaye mana hanya.